Daga “an yi” zuwa “na yi”: nazarin lamarin wani ma'ajin ikilisiya

Asalin lamarin

Mutumin da wannan nazari ya shafa malamin makaranta ne, magidanci mai 'ya'ya uku, shekarunsa 38 lokacin da abin ya soma. Ba zan kama sunansa ba, balle na garin ko na ɗarikar. Ya karanta abin da na rubuta, ya yarda a fitar da shi a haka. Ikilisiyarmu da Hausa take sujada, a wani gari na Arewa ta Tsakiya. Ranar Lahadi mukan kai mutum 200, akasari manoma, 'yan kasuwa da ƙananan ma'aikata. Ni ɗaya ne daga cikin dattawa bakwai, ni ne kuma sakataren kwamitin gini.

A watan Janairu 2021 aka zaɓe shi ma'ajin wannan kwamiti. Ba a yi gardama ba, domin lissafi yake koyarwa, kuma ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Ƙa'idar asusun a rubuce take: kuɗin da aka tara ranar Lahadi su shiga banki zuwa Laraba, kuma ba a cire ko kwabo sai da sa hannu biyu, nasa da nawa. Kuɗin rufin sabuwar majami'a muke tarawa, wadda bangonta ya daɗe a tsaye yana shan ruwa.

Akwai abu guda da kowa ya sani a garin, wanda daga baya ya shigo cikin maganar. Mahaifinsa ɗan karta ne, a kan tabarmar karta gonarsu ta gado ta tafi. Ɗan ya tashi da ƙyamar abin. Ko ludo ba ya bari a yi a gidansa.

Agusta 2022 zuwa Mayu 2023: yadda kuɗin suka tafi

Ya fara cacar ƙwallo ta waya a watan Agusta 2022, da buɗe kakar Firimiyar Ingila. Wani abokin aikinsa ne ya nuna masa yadda ake haɗa wasanni da yawa a tikiti ɗaya, a sa naira 500 a sa ran dubbai. A mako na uku ya ci naira 18,000. Ya ce a lokacin bai ɗauki abin caca ba, tunda babu karta babu tabarma. Lissafi ya ɗauke shi, lissafi kuwa sana'arsa ce.

Ranar Talata 22 ga Nuwamba 2022 ya fara taɓa kuɗin ikilisiya. Baikon godiyar kaka na hannunsa, washegari zai kai banki. Ana gasar cin kofin duniya a Qatar, Ajantina za ta kara da Saudiyya, duk wanda ya san ƙwallo yana ganin ya san inda za a kwana. Ya ɗebi naira 40,000 ya haɗa tikiti, da niyyar mayarwa kafin gari ya waye. Saudiyya ta ci 2 da 1.

Wata biyu bayan haka ƙarancin takardun kuɗi ya zo, sakamakon sauya fasalin naira 200, 500 da 1,000 da Babban Banki ya yi. A Janairu da Fabrairu 2023 kwandon baiko yakan dawo kusan wayam. Mutane suka nemi lambar asusun da za su tura ta waya. Asusun ikilisiya kuwa ba ya fitar da kuɗi sai da caki da dogon layi a ƙofar banki, ga magina suna jiran haƙƙinsu. Kwamiti ya amince a riƙa turawa asusun ma'aji na ɗan lokaci. Ni na karanta lambar a lokacin sanarwa. Bayan hukuncin Kotun Ƙoli na watan Maris takardun kuɗi suka soma dawowa hannu, amma ba wanda ya tashi ya janye sanarwar.

Daga waccan ranar Nuwamba zuwa ƙarshen Mayu ya tura kuɗin gini ga kamfanin caca sau 31. Mafi ƙanƙanta naira 10,000, mafi girma 120,000. Bayan an cire abin da ya mayar, giɓin ya tsaya a naira 1,260,000.

Yuni zuwa Agusta 2023: rufin asiri da alkawari

Da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, farashin kaya ya kama hawa. Ranar 11 ga Yuni kwamiti ya yanke a sayi kwano da katako tun kafin su fi ƙarfinmu. Littafi ya nuna naira 2,900,000. Ma'aji ya nemi mako guda, ya sake neman wani. A mako na uku na ce ya zo da takardar banki. Da daddare ya zo gidana, babu takarda.

“Malam, ina kuɗin?”

“Baba, kuɗin sun salwanta.”

“Wa ya salwantar da su?”

“Shaiɗan ne ya shiga tsakani, Baba. Tsautsayi ne, shi kuwa ba ya wuce ranarsa.”

Abin da ya rage naira 1,640,000 ne. Washegari muka zauna mu uku da fasto. Muka bi matakin farko na Matiyu 18, wato a gyara tsakanin mutum da ɗan'uwansa kafin magana ta fita. Za a rufa masa asiri, zai biya kafin Disamba, zai kuma daina. Ya ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki ya yi alkawari, ya goge manhajar cacar a gabanmu. Ba mu gaya wa matarsa ba, ba mu karɓe komai daga hannunsa ba, sai littafin kuɗi.

Alkawarin ya yi mako bakwai. Ya kamata a rubuta cewa kusan duk waɗannan makonni manyan gasannin Turai na hutu. Ranar 11 ga Agusta aka dawo wasa a Ingila. Ranar 19 ga wata ya ɗauki naira 60,000, kwasar adashen matarsa. Hujjarsa ita ce albashinsa ba zai iya biyan miliyan da ɗoriya cikin wata huɗu ba, hanya ɗaya ce ta rage, ya ciyo. Matar ta nemi kuɗinta ta rasa, ta tafi wurin Mama, matar fasto, tana kuka. A nan ta ji sauran labarin.

Da fasto ya tambaye shi, sai ya ce: “Ba da son raina ba ne, Baba Fasto. Ji nake kamar ja na ake yi.”

Satumba 2023: kwana bakwai a kan dutse

Goggonsa ta zo daga ƙauye da bayaninta a shirye. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, in ji ta. Abin da ya ci yayanta shi ne ya biyo ɗansa. Ta kai shi wani gidan addu'a a kan dutse, wanda ba na ɗarikarmu ba. Ya yi azumin kwana bakwai, daga shida na safe zuwa shida na yamma. Mai gidan addu'ar ya gaya masa wani ruhu ne ke bin zuriyarsu, ya kuma kafa hujja da Fitowa 20:5, inda aka yi maganar laifin iyaye yana kaiwa tsara ta uku da ta huɗu.

Ya dawo a rame, amma fuskarsa a sake. Abu biyu na lura da su. Na farko, ya koma yin barci, ya kuma yi mako biyar bai sa ko sisi a caca ba. Na biyu, maganar biya ta sauya launi. “Baba, ai yanzu an gano mai laifin,” in ji shi, ya kuma tambaya ko ikilisiya za ta yafe bashin, tunda shi ma cutarsa aka yi.

Fasto ya buɗe masa Ezekiyel 18. Yahudawan da aka kwashe zuwa Babila suna da wani karin magana, cewa iyaye ne suka ci 'ya'yan inabi masu tsami, haƙoran 'ya'yansu suka mutu. Annabin ya ce Allah ya hana a ƙara faɗarsa: wanda ya yi zunubi shi zai ɗauka, ɗa ba zai ɗauki na uba ba, uba ba zai ɗauki na ɗa ba. Ya ma kawo misalin ɗan da ya ga duk abin da ubansa ya aikata, ya ƙi bin sawunsa. Malam ya saurara da ladabi, ya ce ya gode.

A mako na biyu na Oktoba ya ranci naira 25,000 wurin wani abokin aiki, suka tafi a dare ɗaya. Goggo ta ce ruhun ne ya dawo da waɗansu bakwai, yanzu sai azumin kwana 21. Matarsa ta ce ba inda zai je.

Oktoba 2023: horo

Maganar ta kai gaban dattawa. Zaman ya ɗauki awa huɗu, kuma rabinsa ba a kan kuɗi aka yi ba.

Ɗaya daga cikinmu tsohon soja ne, wanda ya bar taba a rana ɗaya bai sake waiwayarta ba. Nasa ra'ayin a taƙaice yake: Allah ba ya umartar abin da mutum ba zai iya ba, in Malam ya so zai daina yau, saboda haka a hore shi da ƙarfi har ya so. Baba mafi tsufa a cikinmu, wanda har yanzu tsohon juyin Littafi Mai Tsarki na 1932 yake karantawa, ya tsaya a ɗaya gefen. Ya ce zuciyar mutum a hannun Allah take, abin da aka ƙaddara ba makawa, mene ne amfanin kunyata yaro a kan abin da ba shi da iko a kai? A yi masa addu'a kurum, ranar da Allah ya ga dama zai sake shi.

Fasto ya bar su suka ƙare, sannan ya ce wannan gardamar ta girmi kakanninmu, kuma a nahiyarmu aka yi ta. Maganar tsohon soja, in ji shi, ta yi kusa da ta Felajiyos, wani malami ɗan Birtaniya da ya zauna a Roma, wanda majalisar bishop-bishop ta Kartaj ta ƙi koyarwarsa a shekara ta 418, domin ya mai da alherin Allah kamar ƙarin taimako ga wanda dama zai iya. Maganar Baba kuwa an taɓa yin ta a wani gidan sufaye a Hadrumetum, garin da yanzu ake kira Susa a Tunisiya, wajen shekara ta 426. Sufayen sun karanta wata wasiƙar Agustin, bishop na Hippo a Aljeriya ta yau, a kan alheri, sai rikici ya tashi a tsakaninsu. Har wani ya ce kada a ƙara tsauta wa kowa in ya karya doka, a yi masa addu'a kawai. Agustin ya rubuta musu littafi guda a kan haka. Amsarsa: a tsauta masa domin laifin nasa ne, a yi masa addu'a domin warkarwar ta Allah ce, kuma sau da yawa tsautawar ita ce hanyar da Allah yake bi.

Ba wanda ya sauya ra'ayi, amma an kai ga matsaya. Ranar Lahadi 22 ga Oktoba aka sanar da horo: an sauke shi daga muƙami, ba zai ci jibin Ubangiji ba, zai zauna a bencin baya. Ni na rubuta sanarwar. Jimlar farko ta ce: “An samu giɓi a asusun gini, an kuma samu sakaci wajen sa ido.”

Ya zauna a bencin baya Lahadi biyu, daga nan aka daina ganinsa. Matarsa ta ce yakan kwana zaune yana karanta Romawa. Da fasto ya je, ya tarar ya ja layi a wurare biyu: sura 7, inda Bulus ya ce ba shi ne yake aikatawa ba, zunubin da ke zaune a cikinsa ne, da sura 9, inda aka yi maganar maginin tukwane da tukwanen da aka shirya domin hallaka. “Na gwada alkawari, na gwada azumi, an hore ni,” in ji shi. “In ba zan iya ba, to ni irin waccan tukunyar ce. Ku daina wahalar da kanku.” Fasto ya nuna masa cewa Bulus ɗin nan, a wasiƙar nan, a sura 14, ya ce kowannenmu zai ba da lissafin kansa ga Allah. Bai amsa ba.

Nuwamba zuwa Disamba 2023: layi 31

Abin da ya biyo baya ba daga wata dabara ta ruhaniya ya taso ba. Taron shekara na ikilisiya ya matso, ana bukatar cikakken rahoton asusun gini, ni kuma ba zan iya haɗa shi ni kaɗai ba. Na nemi ya bugo takardar asusunsa daga banki mu zauna. Fasto ya ƙara sharaɗi ɗaya: kowane layi, shi zai faɗa da bakinsa yadda aka yi, ni in rubuta. Muka zauna Alhamis shida a jere, daga 9 ga Nuwamba zuwa 14 ga Disamba, a ofishin majami'a. Na ja gida huɗu a littafi: rana, adadi, inda yake, da abin da ya yi a cikin awa ɗaya kafin turawa.

“Layi na ɗaya, Malam.”

“Aka cire dubu arba'in.”

“Wa ya cire?”

Shiru.

“Wayar a hannun wa take?”

“Haba Baba, ai ka sani.”

“Na sani, amma littafi bai sani ba.”

Ranar layi uku kawai muka yi, ya tafi ransa a ɓace. Hausa ta ba mu wata ƙaramar kalma mai rufa asiri, wato “an”. An fasa tulu, an makara, an samu kuskure. Ladabi ce, da ita muke zama da juna ba tare da nuna yatsa ba. Sai dai rahoton kuɗi ba ya karɓarta.

A zama na biyu fasto ya leƙo, ya karanta mana Fitowa 32. Musa ya sauko daga dutse ya tambayi Haruna yadda aka yi gunki ya samu. Haruna ya ce mutane ne suka ba shi zinariya, ya jefa a wuta, sai ga ɗan maraƙi ya fito. Alhali a farkon surar an faɗa ƙarara cewa shi ya karɓa, shi ya siffanta shi da kayan aiki. Malam ya yi dariya, karo na farko da na ji dariyarsa tun Yuni. “Sai ga shi ya fito,” ya maimaita.

Daga nan gida na huɗu ya fara cika, kuma shi ne ya ba da labarin da adadi bai bayar ba. Layi 26 cikin 31 bayan ƙarfe goma na dare aka yi su. Ba ko ɗaya da aka yi a gaban wani. Bayan kowane turawa ya goge saƙon banki. Sau biyu ya mayar da wani abu asusun ana jibi zaman kwamiti, don kada lissafi ya yi wari. Wani dare kuma ya riga ya sa adadi, sai ɗansa ya farka neman ruwa, ya kife wayar, bai tura ba sai washegari. Da muka kai layi na 17 ban tambaye shi komai ba, shi ya jero: “Na jira ta yi barci. Na fita tsakar gida. Na tura dubu saba'in. Na goge saƙon.” Ya tsaya ya dubi abin da na rubuta, ya ƙirga da yatsa. “Na” huɗu a layi ɗaya.

“Abin da yake ja na,” ya ce a hankali, “ashe ya san jiran mutane su yi barci.”

Da a nan aka tsaya, da tsohon soja ya yi gaskiya gaba ɗaya. Amma layuka takwas na ƙarshe sun bambanta. Ya ce a Afrilu da Mayu ya daina sa ran ci, ya daina jin daɗin komai, wani lokacin yana turawa yana hawaye, hannunsa na rawa. Ban ga alamar ƙarya ba. Na kai wa fasto wannan ruɗani: mutumin da ya iya kife waya saboda yaro, yaya kuma zai ce ba ya iya dainawa? Fasto ya ce Agustin ɗin nan ya ba da labarin irin wannan a kan kansa. Ya kwatanta shi da sarƙa: karkatacciyar niyya ta haifi sha'awa, sha'awar da aka yi ta bi ta zama sabo, sabon da ba a hana ba ya zama dole. Sarƙar gaske ce, ba wasa ba, amma shi ya ƙera ta ƙarfe bayan ƙarfe. Wasiƙar Yakubu 1:13-15 ma haka ta jera: kada wanda aka jarabta ya ce Allah ne, sha'awarsa ce take jansa, ta ɗauki ciki, ta haifi zunubi.

Wannan ya sa muka sake duban gida na huɗu da wata tambaya: a ina ne sarƙar ba ta riga ta ɗaure ba? Ƙarfe sha ɗaya na dare, waya a hannu, ya kusa rasa iko. Amma ƙarfe huɗu na yamma, lokacin da yake sayen data, ko yake tsayawa a gidan kallon ƙwallo ya ji ana hasashe, a nan ƙafarsa a sake take. Shi da kansa ya jera abin da zai yi: ya ba matarsa babbar wayar ya koma ƙarama mai maɓalli, katin albashi ya zauna a hannunta, ya sauya hanyar dawowa daga makaranta. Ya kuma roƙi fasto su riƙa addu'a kowace Talata da asuba, domin, in ji shi, ko son dainawar ma ba kullum yake samunsa ba. Fasto ya ba shi Filibiyawa 2:12-13, inda aka ce ku yi aikin cetonku da tsoro, gama Allah ne yake aiki a cikinku, ku yi niyya ku kuma aikata.

A zama na ƙarshe ya mayar da yatsa kan layi na 9, na farko bayan sanarwar Janairu.

“Baba, ba don in sauke nawa ba. Wa ya karanta lambar asusuna a gaban ikilisiya? Wa kuma ya yi wata goma sha huɗu bai nemi takardar banki ba?”

“Ai ka sani, Malam.”

“Na sani, amma littafi bai sani ba.”

Na ɗauko sanarwar 22 ga Oktoba, na soke rabin jimlar farko, na rubuta sunana.

Biyan kuwa aka ɗora shi a kan Littafin Ƙidaya 5:7: mai laifi ya furta, ya mayar da abin duka, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar. Ƙarin ya kama naira 252,000, jimla 1,512,000. Ya sayar da babur ɗinsa a kan 432,000. Saura 1,080,000, zai riƙa biyan 30,000 kowane wata daga Janairu 2024. Ranar 17 ga Disamba ya tsaya a gaban ikilisiya ya yi magana ta minti uku, bai ambaci Shaiɗan ba, bai ambaci mahaifinsa ba. Ni ma na tsaya bayansa na faɗi nawa.

2024 zuwa ƙarshen 2025

Ranar 11 ga Fabrairu 2024 Najeriya ta buga wasan ƙarshe na kofin Afirka da Kwaddibuwa. Ya je kallo gidan maƙwabci, ya sa naira 2,000 ta wayar wani. Najeriya ta sha kashi 2 da 1. Ƙarfe shida na safe yana ƙofar gidana, ba wanda ya sani, ba wanda ya tambaye shi. “Baba, jiya na yi. Tun da rana na san bai kamata in je ba, na je.”

Dattawa suka sake rabuwa. Tsohon soja ya ce a fara ƙirga horon daga farko. Fasto ya ce wannan safiyar ce shaidar tuba ta farko da ya gani da idonsa. Aka ɗage maido shi daga Ista zuwa Lahadin farko na Yuni 2024, ranar kuwa ya ci jibi.

Daga Fabrairun nan zuwa Disamba 2025 ba a san ya sake ba. Cikin wata 24 ya biya 22. Ya tsallake Satumba sau biyu saboda kuɗin makarantar yara, sau biyun kuma ya faɗa tun kafin wata ya ƙare. Ya biya matarsa adashenta. Kwamiti ya sauya ƙa'ida bisa 2 Korintiyawa 8:20-21, inda Bulus ya ƙi ɗaukar gudummawa shi kaɗai don kada a sami abin zargi: mutum uku ke ƙirga baiko, takardar banki kuma ana manna ta a allon sanarwa kowane wata.

Abin da na gani a ciki

Alkawarin Yuni ya faɗi domin mun ɗauka niyyarsa lafiyarta ƙalau, abin da ya rage kawai ya yi amfani da ita. Mun bar mutum ɗaure da waya a aljihu, muka ƙara masa bashin da ba zai biyu ba kafin Disamba. Zaman kan dutse ya ba shi hutu na gaske, ba zan raina shi ba, ni ma na gaskata akwai Iblis. Amma sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, su kuwa sun kori ƙadangare sun ce bangon ba nasa ba ne. Wanda ba shi da laifi ba shi da abin tuba, ba shi kuma da dalilin tsare kansa. Horon Oktoba daidai ne a ganina, sai dai mun ɗora masa hukunci ba mu nuna masa ta inda zai kama ba, ya tashi daga “ba ni ba ne” ya faɗa “ba zan iya ba”. A waje sun yi kama da kishiyoyi, amma duka biyun sun cire shi daga cikin jimlar.

Littafin mai gida huɗu ya yi aiki ne domin ya hana shi ɗayan biyun. Ya nuna masa sau 31 cewa ya zaɓa, ya kuma nuna masa wurin da zaɓin ya ƙuntata da wurin da yake da sauran fili. Na zo na yarda cewa ɗaukar laifi bai karya shi ba. Ranar da ya ƙirga “na” huɗu ita ce ranar farko da ya ga akwai wani abu a hannunsa. Ban kuma ce shi ya kwance kansa ba. Mutumin da ya zo ƙofata da shida na safe ba wanda ya ɗora hannu a kan Littafi a watan Yuni ba ne, takardar banki kuwa ba ta sauya zuciya. Iyakar da ke tsakanin aikin Allah da nasa, manyan malamai sun yi ta jayayya a kai, daga Erasmus da Luther, malaman Kirista na Turai, a 1524 da 1525 har taron ikilisiya da aka yi a garin Dort na ƙasar Holan a 1618. A ofishinmu dai ba mu bukaci warware ta ba kafin a rubuta wanda ya tura dubu saba'in.

Nawa laifin ya fi yi mini wuyar haɗiya. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sakacina bai rage ko naira ɗaya daga nasa ba, nasa kuma bai wanke ni ba, amma wata biyu ina matsa wa mutum ya daina cewa “an”, alhali tawa tana cikin fayil da hatimin ikilisiya.

Tsohon soja har yau yana cewa da an tsananta tun Yuni da ba a kai Oktoba ba. Goggo tana gaya wa mutanen ƙauye cewa azumin kan dutse ne ya yi aiki a makare. An rufe rabin majami'ar da sabon tari, domin kuɗin da yake mayarwa ba sa sayen rabin kwanon da za su saya a 2023. Saura naira 420,000, biya 14. A taron shekarar nan wani ya kawo sunansa a matsayin mai binciken asusu, tunda ba wanda ya fi shi sanin ta inda kuɗi ke zurarewa. Ya miƙe ya ce a sake tambayarsa in ya gama biya.